Rigar Kular Malam Madu

A ƙauyukan da ke gabas da Gezawa, inda gona ke manne da gona har akuya ba ta iya juyawa ba ta taka shukar wani ba, duk wanda ya faɗo daga kan mangwaro ko jaki ya yar da shi, mutum ɗaya ake aika wa: Malam Madu maɗori. Kakansa ne ya zo da sana'ar daga Barno. Shi kuwa ya gaji ɗorin, ya gaji 'yar gona a bayan gari, ya kuma gaji imanin cewa babu abin da ɗauri ba ya gyarawa a duniya.

A wajen ƙashi, gaskiyarsa ce. Zai shafa man shanu, ya yi tofi, ya ja ƙafar mutum har ya kira sunan kakarsa, ya jera tsagaggen karan dawa ya naɗe da tsumma, kuma ƙafa ta warke. Matsalar ita ce Malam bai taɓa yarda cewa ilimin nan a ƙashi ya tsaya ba. Rediyonsa na da riga. Tocilarsa na da riga. Wayarsa tana cikin leda, ledar tana cikin wata 'yar jakar fata, shi ya sa duk wanda ya kira shi yake jin muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. Matarsa Kaltum takan ce Allah ne ya taimake ta tana motsi, da tuni an ɗinka mata tata.

Abu mafi daraja a gidan shi ne babur. Baƙi ne, mai salansa biyu, irin na da ɗin nan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa in ya faɗi. Ya saye shi tun yana saurayi a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Ƙararsa kowa ya santa. Mai karaya yana kwance yana dauriya, da ya jiyo ta daga nesa sai ya fara kuka tun kafin a taɓa shi.

Da tsufa ya zo wa babur ɗin, sai ya daina jure zafi. In bazara ta yi, Malam ya san kowace tsamiya da ke tsakanin ƙauyuka, domin a gindin kowacce sai ya tsaya injin ya huce. Ba ya kiran wannan lalacewa. Yana cewa zumunci yake yi, kuma ƙashin da ya karye ba gudu zai yi ba.

Bara ne zumuncin ya ƙi. Babur ya mutu a fili inda babu inuwa, Malam ya tura shi da rana tsaka, wasu mata masu dawowa daga kai taki suka same shi zaune a kan kunyar gona, idanu na juyawa. A asibiti aka ce jininsa ne ya hau. Ɗansa na fari, Kamaruddeen, wanda ke koyarwa a birni, ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ba raini ba ne. Amma in ya sake mutuwa da kai a hanya, mun gama magana da Inna, makullin zai koma hannunta. Mai son ɗori ya aiko a ɗauke ka."

"Kun gama magana. Ni da aka yi maganar a kaina, ina ina?"

"Kana kan gado ana ƙara maka ruwa, Baba."

Malam ya juya maganar a ransa. A ɗauke shi. Kamar buhun masara, ko tsohuwar da za a kai biki. Mutumin da ya yi shekara kusan arba'in yana shiga gari da ƙararsa, yanzu ya shiga riƙe da ƙugun wani.

Da wata bazarar ta matso, sai ya kai kukansa wurin Sha'aban, bakaniken da ke bakin kasuwar Gezawa. Sha'aban Bafillace ne ta wajen uwa, don haka yana ganin yana da lasisin tsokanar duk Babarbaren da ya shigo rumfarsa.

"Baba, wannan ai hutu yake nema. Sa'anka ne. Ku zauna a zaure ku dinga ba juna labari."

"Kai da aka yaye ka a bayan saniya, me ka sani a kan manya? Gyara na zo, ba wa'azi ba."

Sha'aban ya ce akwai dabara ɗaya. Akwai abin da ake kira oyil kula, ɗan ƙaramin lagireto ne kamar tafin hannu biyu, mai haƙarƙari siri-siri. Baƙin mai zai fito daga injin da zafinsa, ya bi ta ciki, iska ta buge shi, ya koma a huce. Ya samo ɗaya a Ƙofar Ruwa, aka sa ranar ɗaurawa.

Malam ya zo da tabarmarsa, domin ba a yi wa nasa aiki yana nesa. Sha'aban ya tsiyaye tsohon man. Ya auna wuri a jikin ƙarfen gaba, ƙasa da tanki, bayan tayar gaba, ya kai wa mai walda ya lanƙwasa ƙarafa biyu da za su riƙe kular. Ya sa robobi a tsakani saboda girgiza. Ya ja tiyo biyu, na fita da na dawowa, ya kauce wa salansa don kada ta ƙona su, ya matse bakunansu. Ya zuba sabon mai, ya ƙara kaɗan saboda cikin kular, ya tayar, ya tsuguna yana neman yoyo. Duk tsawon aikin Malam yana ba da shawara, Sha'aban yana cewa "to, Baba" yana yin abin da ya yi niyya.

"Abu ɗaya," in ji Sha'aban yana goge hannu. "Iska ce abincinta. Kada a sa komai a gabanta."

"Na ji."

Ya ji kuwa. Sai dai da ya isa gida ya zauna yana kallon kular, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Abu sabo fil, fari tas, yana ƙyalli, an bar shi tsirara a bayan taya. Tsakuwa za ta same shi. Damina na zuwa da taɓo. Ga idon mutane, wanda ya fi tsakuwa. Kuma haƙarƙarin nan siri-siri, shi da ya san haƙarƙari, ya san ba a barinsu haka. Iska kuwa, wa ya taɓa hana ta shiga wuri? Ƙafar da ya naɗe da tsumma ma ai tana shan iska.

Ran kasuwa ya kai babur ɗin wurin baduku. Aka yanka jar fata, aka sa soso a ciki saboda tsakuwa. Malam ya ce a ƙara faɗi, kada tiyo su ji an nuna musu bambanci. Aka ƙara. Ya ce a sauko da ita ƙasa kaɗan, tunda an fara alheri, injin ma ya samu. Aka sauko, har rigar ta tare gaban injin gaba ɗaya kamar bante. Don cika umarnin bakanike, ya sa baduku ya huda 'yan ƙofofi a jere, kowacce ƙwayar gero za ta wuce in ta daure. Aka sa tuntaye a gefe. Duk wanda ya gani a kasuwa ya yaba, kuma da gaske suke.

Ba a jima ba aka kira shi daga wani ƙauye a ƙasar Bagwai. Sa ya take wani magidanci a cinya. Tafiya ce mai nisa, zafi kuma ya kai inda kaza ke buɗe baki. Kaltum ta ce ya bari su aiko.

"Su aiko wa? Ba ki ga abin da aka ɗaura ba?"

Ya kama hanya. Tsamiyar farko ta zo, ya wuce. Ta biyu ta zo, wasu dattawa suka ɗaga hannu suna gyara masa wuri a tabarma, ya danna musu ham. Mai kula ba ya tsayawa. Ya ji zafi yana dukan ƙwaurinsa fiye da kullum, ya ce to, zafin ne ke fita, aiki ya yi kyau. Ya ji ƙauri, ya ce sabuwar fata ce. Kafin ya kai kwanar Bagwai ƙarar da ƙauyuka suka sani ta koma wani irin ƙwanƙwasa, babur ya yi tari, tayar baya ta ja ƙasa, shiru ya biyo baya. Ya taka kik, kik ya ƙi motsi kamar an dasa shi.

Wannan karon bai tura ba. Ya kwance wayarsa daga jaka da leda, ya kira Sha'aban, ba gida ba.

Sha'aban ya iso da a-kori-kura. Ya sauko, ya zagaya babur ɗin, ya tsaya a gaban rigar. Ya ɗaga tuntu ɗaya da yatsa.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Muntaka baduku."

"Ya iya ɗinki." Ya leƙa ta ƙasa. "Injin ya buga. Fistin ya manne. Irin kayansa kuwa, sai dai a tambayi waɗanda suka riga mu gidan gaskiya."

"Na bar mata ƙofofi."

"Na gani. Allah ya saka da alheri."

Malam ya gyara murya. "Ba sai yaron nan Kamaruddeen ya ji ba."

"Ni ba zan faɗa ba. Sai dai a bayan mota za mu shiga gari da shi, kuma mutanen garinku ba makafi ba ne."

Ba a ma kai ga haka ba. Dangin mai karaya, da suka ga shiru, tuni sun kira gida suna tambaya, Kaltum ta gane abin da ya faru, ta ba su lambar Sha'aban. Ƙanin majinyacin ya zo da nasa babur ya ɗauki Malam. Ɗorin ya yi kyau, mutumin yana tafiya da ƙafarsa yau.

Da ya dawo gida bayan la'asar, Kaltum ta kawo masa ruwa, ta yi masa sannu da hanya, ta jira ya sha. Sannan ta miƙa hannu. Ya dube ta, ya dubi hannun, ya laluba aljihu ya ciro makullin.

"Ajiya ce," ya ce.

"Ajiya ce, Malam."

Har yau in aka tambaye shi, cewa yake yi kular ce ba ta karɓi babur ɗin ba, shekara da shekaru suna lafiya sai da aka kawo baƙuwa. Masu karaya suna aikowa a ɗauke shi, yana zuwa. Ba ya riƙe ƙugun kowa, ƙarfen baya yake kamawa. Waɗanda suka taɓa goya shi sun ce ba ya magana a hanya, sai dai in an zo hawa, sukan ji ƙafarsa ta hagu tana danna iska, tana neman giya.