Raini ko Raino: Sunan Malam Renato

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Malam Renato, abokin aikina a firamaren Durun, kusa da Gwarzo, kuma har yau ina jin kunyar wata shawara da na ba shi.

Daga kudancin Kaduna aka turo mana shi a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da alli ma ya yi wuya, muna rubutu da gawayi a bango. Bakin Bahaushe kuwa ba ya barin baƙon suna ya kwana lafiya. Kafin sati ya zagayo ya koma Malam Rainatau, dattawan ƙofar masallaci suna ta musu: raini ne ko raino? Shi dai nasa dariya.

Da aka fara maganar Shari'a, jita-jita ta cika gari, wasu Kiristocin Gwarzo suka ɗaure kaya. Tsoro ya kama ni. Na same shi na ce ko dai ya tafi, ko ya yarda mu riƙa kiransa Rabi'u har ƙura ta lafa. Sai ya gaya mini abin da ban taɓa tambaya ba, duk da tuwon da muka sha ci a kwano ɗaya. Maza uku mahaifiyarsa ta binne kafin shi. Wani fada Ba'italiye a cocin ƙauyensu ne ya raɗa masa sunan, irin wanda mutanen Italiya da Sifaniya ke sa wa ɗa namiji. Asalinsa Latin ne, ma'anarsa "wanda aka sake haifa". Fada baftisma yake nufi, uwar kuwa ta ɗauka 'ya'yanta aka maido mata.

"Malam Sani," in ji shi, "mu huɗu ke amsa sunan nan. Wa zan ajiye a cikinmu?"

Da na kai wa Innata labari, ta tafa hannu ta ce, "Ashe ɗan wabi ne! Da namu ne, Barau za mu kira shi. Kai da karatunka za ka ce masa ya yar da sunansa?" Washegari ta aika masa da fura, ta ce ɗakin soro na nan in ta ɓaci. Ba ta ɓaci ba. Ya zauna da mu har ciwon suga ya ɗauke shi.

Yanzu kowa zai danna waya ya ga ma'anar sunan cikin ƙiftawar ido. Da yana raye, na san zai yaba, ya kuma tsokane ni cewa wayar ba ta san da kaburbura ukun ba.

An ce suna linzami. Musun dattawa dai ɗalibansa sun raba shi, don malaman asibiti da direbobin da ya koya wa karatu ba su da shakkar cewa raino ne. Nawa ciwon daban yake. Ranar da muka raka gawarsa garinsu, tsohuwarsa ta tambaye ni yadda muke kiransa a can. Na ce, "Renato, Inna." Ranar na fara faɗin sunan daidai, mai shi kuwa ba ya ji.