Kujerar Roba a Hagun Baba

Mahaifina ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, kuma bai taɓa bari mu manta ba. In ji shi, daga Takanamat har Bambeye babu wanda ya taɓa sa gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Mahaifiyata ta ce ita dai ta san wani ƙato da ya sauke shi kamar buhun gero, amma ba ta faɗar haka sai ya fita.

Da ya tsufa ya rasa wanda zai kayar, sai ya koma kan tsofaffin masallacin unguwarmu a Tahoua, waɗanda ciwon gwiwa ya sa suke salla a kan kujerun roba a ƙarshen sahu. Ya raɗa musu suna ƴan majalisa. Shugabansu taubashinsa ne, wani dogon tsoho mai sayar da albasa, wanda tun suna yara ba su da aiki sai tsokanar juna. Ana idar da La'asar Baba zai je ya tsaya a kansa.

"Ranka shi daɗe, an ƙare zaman? Mi kunka yanke yau?"

"Mun yanke mu aje maka kujera," in ji taubashin. "Tana nan tana jiranka."

"Sai dai ta tsuhwa tana jira."

Wata safiya ya fito zai yi alwala, sai muka same shi rungume da turmi yana amai, yana rantsuwa gida ne ke gudu. Goggona ta ce iska ce ta taɓa shi, maƙwabci ya ce hawan jini ne, aka turara shi har ya fara tari. Jirin bai ko gezau ba. Na sa shi a mota muka tafi asibiti.

Likitar yarinya ce, sa'ar autarmu. Ta ce ya kalli hancinta, ta kama kansa da hannu biyu ta fizga gefe. Sannan ta sa shi ya haɗa ƙafafu ya rufe ido. Ya tafi hagu a hankali, da mutuncinsa, har sai da na tare shi.

"Ɗiyata," ya ce, "wa ya koya miki kokowa?"

Ta yi dariya, ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Can cikin kunne, gaba da inda tsinken sosawa yake kaiwa, akwai ƴan lanƙwasassun bututu masu ruwa a ciki. In kai ya motsa ruwan ya motsa, wata jijiya ta kai labari ga ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, ƙarƙashin babbar. Ita wannan ƙaramar ba kunne kaɗai take saurare ba. Ido na kawo mata nasa labarin, tafin ƙafa da gaɓoɓi su ma haka. Sai ta gwama su, ta gyara wa jiki tsayuwa tun kafin mutum ya san ya karkata. Shi Baba jijiyar kunnensa na hagu ce ta kumbura ta yi shiru, ta dama kuma tana ta magana ita kaɗai, shi ya sa ƙwaƙwalwar ta ɗauka juyi yake yi.

Ta ce maganin ba kwanciya ba ne. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da kuskure take koyo, sai an bar ta ta yi ta saba da kunne ɗaya. Ya dinga tafiya, ya dinga kafe ido a kan abu yana kaɗa kai. In ya ji zai karkata, ya ɗora ɗan yatsa a kan wani abu tsayayye. Ba jingina ba, taɓawa kawai, don yatsa ma yana kai labari.

Haka tsohon ɗan kokawa ya koma tsayawa gaban ƙusa a bango yana girgiza mata kai, kamar an tsawwala masa kuɗin albasa. Mahaifiyata ta ce tun aurensu duk abin da ta roƙa haka yake yi mata, yanzu kuma likita ta ɗaure masa gindi.

Muna dariya, amma masallaci ya daina zuwa. Ruku'u yake tsoro, musamman ɗagowa. A ɗaki yake salla, a zaune, ƙofa a rufe. Taubashinsa ya zo dubiya da ƙullin albasa, ya yi masa sannu, ya tashi bai tsokane shi ko da kalma ɗaya ba. Wannan ya fi jirin yi wa Baba ciwo. Na ga idonsa bayan fitar mutumin, tausayinsa ya kama ni sosai.

Bayan wasu makwanni, wata La'asar ya sa babbar riga ya ce in biyo shi. Ya shiga masallaci ya wuce gurbinsa na bayan liman ko kallo bai yi ba, ya je ƙarshen sahu ya tsaya dab da ƴan majalisa, taubashin na hagunsa. Ni ina bayansu. Allah ya gafarta mini, sallata ta ranar rabinta kallo ce.

Aka yi ruku'u lafiya. Wurin ɗagowa na ga rigarsa ta fara tafiya hagu. Sai na ji ƙarar roba a kan tabarma: taubashin ne ya matso da kujerarsa kusa da Baba. Baba ya ɗora yatsa ɗaya a bayanta, ya miƙe. Haka ya yi a kowace raka'a har aka sallame.

Kowa ya shiga jan carbinsa. Can taubashin ya ce, "To, majalisa ta yi baƙo."

"Ban zamna ba," in ji Baba.

"Na gani." Ya lallaɓa ya tashi yana dafa gwiwa. "Gobe ma nan nika aje ta, ga hagunka. Kak ka makara."