Bayan Takardar Nawa Ne

Wasiƙar maigidana ta iso Gwarzo ana tsakiyar damina. Lokacin yana Saliyo, sojan ƙasa ne, an kwashe su zuwa yaƙin can, mun yi watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Zamanin matsi ne, kananzir sai an yi layi, batirin rediyo kuwa surukina, Baba, a rana yake shanya shi don ya ƙara kwana biyu. Wani direba ne ya kawo ta daga Kano. Sunana ne a bayan ambulan ɗin, na gani da idona, don na gama firamare kuma karatuna bai zube ba.

Amma a gidan nan wasiƙa ba ta wuce soro. Baba ya karɓa, ya aika aka kira wan mijina, malamin makaranta, da muke ce wa Yaya Malam. Maza suka zauna a tabarma, ni da Inna, uwar mijina, muka raɓe a bayan ƙofa.

Takarda ɗaya ce tal, an rubuta gaba da baya. Gaban duk gaisuwa ne. A gai da Baba, a gai da Inna, a gai da Kawu na Lakwaya, da Gwaggo ta Sabon Birni, da Malam na Masanawa wanda ya yi masa rubutun sha kafin ya tafi, har mai facin keke na bakin tasha bai manta ba. Sannan ya ce suna lafiya, aiki da sauƙi, abinci ba laifi. Yaya Malam ya juya takardar, ya duba layin farko, ya yi gyaran murya ya ninke ta.

"Baba, bayan na iyalinsa ne."

"To, madalla," in ji Baba, ya sa ta a aljihu.

A aljihu! Na tsaya kamar an dasa ni. Matar ɗa ba ta buɗe baki ta ce wa surukinta ba ni wasiƙar mijina, sai a ce ba ta da kunya. Na koma wajen Inna ina ta kewaye-kewaye, ta gane ni sarai.

"Ke 'yar nan, gaggawar me kike? Ai ba guduwa za ta yi ba. Gaisuwa amana ce, sai an kai wa masu ita tukuna."

Baba bai yarda a ce wa mutum wane yana gaishe ka da baki kawai ba. Sai dai a je da takardar, a karanta, mutum ya ji sunansa ya fito daga cikinta, ya amsa, a yi addu'a. Shi kuma ajami ya iya, boko sai an karanta masa. Wannan shi ya hana ni sukuni. Duk inda takardar ta je tana bukatar mai karatu, kuma ba kowane mai karatu ne yake da kunyar Yaya Malam ba.

Lakwaya tare suka je da Yaya Malam, Sabon Birni ma haka. Kullum in suka dawo ina leƙen aljihun Baba kamar akuya ta ga dusa. Na roƙi Yaya Malam ta bakin matarsa ya kwafe gaisuwar a wata takarda ya ba ni tawa. Ya ce wai Baba ba zai karɓi kwafi ba, rubutun hannun yaron ake so. Raina ya ɓaci har na ƙona miya ranar, Inna ta ce tunani ne.

Sai aka koma makaranta, Yaya Malam ya koma aiki, Baba ya hau kekensa shi kaɗai ya nufi Masanawa ta wajen Kabo. A can aka samo wani malamin gona ya karanta a ƙofar gidan Malam, gaban jama'a. Bawan Allah bai san komai ba, ya gama gaba ya juya baya ya zarce.

Ni ban sani ba sai da Gwaggo ta zo musamman daga Sabon Birni, don labarin har ya kai can. Ta kama hannuna tana matsar ƙwalla.

"Sannu 'yar nan. Ashe haka yaron nan yake shan wuya? Har da su kuka?"

Da yamma Baba ya aiko mini da takardar ta hannun Inna. Takardar ta yi laushi, ga tabon mai, ga jan goro a gefe. Na shiga ɗaki na karanta abin da rabin ƙasar Kabo ta riga ni ji.

Ya ce an yi musu kwanton ɓauna a wata hanya cikin kurmi, ana ruwa. Ya faɗa kwata ya kwanta, ruwa har wuya. Wanda suke cin abinci kwano ɗaya harsashi ya same shi a maƙogwaro, ya riƙe shi har ya daina motsi. Ya ce ya yi ta harbi ba ya ganin wanda yake harbi, yana kuka yana kiran Inna, kuma ya ɓata wandonsa bai sani ba. "Ban gaya wa kowa ba sai ke. In kin karanta ki sa a murhu."

Na yi kuka, amma wallahi haushi ya fi yawa. Haushin Baba, haushin malamin gona, har da shi maigidan kansa, da bai nemi takarda ta biyu ba.

Ya dawo shekarar da ake ta maganar shari'a a Kano, ya rame ya yi baƙi. Soro ya cika da masu barka da zuwa. Ina tsakar gida na jiyo ɗan Gwaggo, abokin wasansa, ya ɗaga murya.

"Soja! An dai wanke wandon ko?"

Aka fashe da dariya. Na ji muryar maigidana a ciki, shi ma ya yi.

Da mutane suka watse ya shigo ɗaki, ya zauna bakin gado yana kwance igiyar takalmi.

"Na ce ki sa a murhu."

Na kwashe komai na gaya masa, soro, aljihu, keke, malamin gona. Ya saurara har na gama, ya ce, "Na ji."

Mun tsufa tare yanzu. Har yau in tayar mota ta fashe a titi sai ya daskare da kofi a hannu, gumi ya keto masa. Nakan matso in ce me ka tuna, ni kaɗai ce a nan. Sai ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya tambaye ni ko akwai sauran ruwan zafi.