Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Wata Laraba ce, shekarar da na fara azumi, ruwan shuka ya sauka amma an hana mu shuka. Muna zaune ƙofar mai gari, ni da Baba da Kaka Dije, mahaifiyarsa, ga su Alhaji Sale can gefe su tara. Rigimar kan gonarmu ce ta hanyar Tsauni, wadda geronta ke riƙe da gidanmu daga kaka zuwa kaka. Su Alhaji suka ce ta kakansu Ɗan Baro ce, shi ya sare dajin, namu kakan kuwa baƙo ne aka ara wa. Shaidarsu ɗaya: Na-Kurni ake kiransa, wato mutumin garin Kurni.

Ni lakwal, makarantar boko, shekara biyu na yi. Abin da na iya, wurin ɓarar gyaɗa na koya, Kaka na jera mini waɗanda suka haife mu ina maimaitawa, awaki na cin ɓawon. Ta ce Na-Kurni autan Ɗan Baro ne, ɗan sa-ɗaka, Kurni goyo kawai aka kai shi. Amma in ta zo kan sunansa na gaskiya sai ta tsallake, ta ce "baban maigida". Surukinta ne, ba ta faɗa. Sunan mutanen da ne, babu mai irinsa a gari balle ta nuna da takwara, Baba kuma maraya ya tashi, bai taɓa ji ba. Malaminmu na allo ya taɓa ce mana kowa ya san Annabi Yusufu, 'yan'uwansa ba mai tambaya, alhali kowanensu ƙabila guda ya bari. Sai ranar na gane.

Mai gari ya sa na jera kakannina, na jera, na tsaya inda Kaka ke tsayawa. Ya ce mahaifinsa ya faɗa masa akwai auta, ya kuma san sunan. In muka faɗa ya yi daidai, gona tamu ce. Baba ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, sau ɗaya. Ko a kunnena."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya sake roƙo, ya ce bakuna goma sha ɗaya ne a gida. Ta girgiza kai.

"Mutumin da ya ba ni ɗansa? Da wane bakin?"

Ran Juma'a su Alhaji suka shuka. Mu muka shiga ƙwadago gonakin mutane, Baba ya yi damina biyu ba ya gaida Kaka sai daga bakin ƙofa. Mai gari ya rasu da sunan, ita ma haka.

Yanzu matar ɗana gatsal take kiran sunana a salula, ba wanda ya ɗaga kai. Na daɗe ina jin haushin Kaka, na gaji na bari. Gonar ta zama filoti, an yi gini. In jikokina suka tambaye ni ko mu su wa ne, kan Na-Kurni nake tsayawa.