Haƙorin Sadiƙa

Zulaihatu ɗiyar Wakili ce, wanzamin Gangara. Ta tashi tana ganin mata suna shigowa zaurensu da goyo, wannan a yi masa aski, wancan haƙori ya hana shi barci. Ubanta mutum ne mai sanyin hannu, ba ya son kukan yaro. Kafin ya buɗe zabira sai ya ja yaron da wasa har ya saki jiki. Shi ya koya mata goge baki da gawayi da gishiri, kuma da aka kai ta Gatawa gidan Kalilu manomi, haka ta riƙa yi wa 'ya'yanta kowace safiya. Mata har tsiya suke mata, wai ta mai da bakin yara kamar ƙwaryar baƙi.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, rumbun Kalilu ya ƙare tun damina ba ta kankama ba. Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari, ta kama autarta Sadiƙa, wadda ko makarantar allo ba ta isa shiga ba. Ƙyandar ta tafi ta bar yarinya ƙashi da fata. Sai dasashinta ya kumbura, yana jini da an taɓa. Bakin ya soma wari, haƙori ɗaya na ƙasa ya kama girgiɗi.

Hanyar Sabon Birni, inda asibiti yake, ba ta biyuwa a lokacin sai ran da aka samu rakiyar sojoji. Zulaihatu ta goya yarinyar ta bi ta cikin gero zuwa Gangara.

Wakili ya tarbi jikarsa da wasan da ya saba. "Amaryata, wa ya taɓa min ke?"

Da ya buɗe bakin sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Haƙorin ga ya mutu. In anka fid da shi, wataƙila ruɓar ta bi shi."

Zulaihatu ta ce, "Baba, yi abin da ka gani."

Ko ƙarfi bai sa ba haƙorin ya fito, da ɗan baƙin nama a jikinsa. Tsohon ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo.

Bayan 'yan kwanaki wani baƙin tabo ya bayyana a kumatun Sadiƙa. Kafin rakiya ta samu, tabon ya huje, ana hango haƙora ta waje. Zulaihatu ta rufe fuskar da gefen zane, suka shiga motar kaya tare da masu gudun hijira.

A asibitin Sabon Birni wata malamar jinya mai suna Lubna ta ɗaga zanen a hankali. Ta ce, "Inna, wanga ya wuce ciwon haƙori. Zaizayar baki ce. Yunwa da ƙyanda su ka buɗe mata ƙofa."

"Cirewar da anka yi, ita ta jawo?"

"Ko ba a cire ba da ta ci. Da kin samu hanya tun dasashin na jini, allura da wankin baki sun isa su tsai da ita."

Wannan magana ta zauna wa Zulaihatu a rai, don ta ga jinin tun ranar farko, hanya ce babu.

Aka yi wa yarinyar allurai, aka tura su Sakkwato. Can suka share watanni. Aka tsayar da ciwon, aka ciyar da ita har ta yi ɗan kumari, sannan likitoci suka ɗebo fata daga jikinta suka toshe ramin. Sadiƙa ta rayu, amma muƙamuƙinta ya ƙage, bakin ba ya buɗuwa fiye da shigar ɗan yatsa. Aka ce su dawo a sake wani aiki idan ta ƙara girma.

Ba su koma Gatawa ba. Kafin a sallame su Kalilu ya kwashe sauran yaran zuwa Sabon Birni, ya samu wani kango ya rufa da buhuna, yana dako a kasuwa.

Zulaihatu ta aika wa ubanta abin da malamar ta faɗa, cewa ba hannunsa ba ne. Wakili ya ji, amma bai ƙara taɓa bakin yaro ba. Ko uwa ta zo tana roƙo, sai ya ce ta nemi asibiti. Sau ɗaya ya zo duba su. Sadiƙa na ganinsa ta ɓuya bayan uwarta, shi kuma bai kira ta da sunan wasan ba. Ya zauna bakin ƙofa har la'asar, ya ce, "Za ni koma kafin hanya ta rufe." Da rani ya rasu.

Yanzu Zulaihatu wankau take yi a gidajen mutane. Duk yaron 'yan gudun hijira da ta gani yana dalalar da yawu, sai ta roƙi uwarsa ta bari ta leƙa bakin. Wasu suna bari, har ta raka su asibiti. Wasu kuwa janye 'ya'yansu suke yi, suna tsoron kada abin da ya sami tata ya biyo hannunta.

Lokacin komawa Sakkwato ya yi tun bara, amma hanyar ta sake lalacewa. Sadiƙa ta shiga makarantar allo, tana zama can ƙarshen tabarma da gefen hijabi a kan kumatu. Malamin ya ce tana riƙe karatu, sai dai dole ya sunkuya kusa da ita kafin ya ji abin da take biyawa.