Mai Gari Tanimun da Garkar Innata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Laraba, 12 ga Oktoba 1994, ina cikin aji a lakwal, wato makarantar boko ta Malbaza, aka aiko mini cewa Allah ya yi wa mai garinmu, Baba Tanimun, rasuwa. Na bi motar siminti zuwa Badaguishiri, na ƙarasa gida a ƙasa, na iske an riga an kai ka makwancinka, Baba.

Baba, ba zan ɓoye alherinka ba. A yunwar tamanin da huɗu ka fasa rumbunka, Inna Saude, mahaifiyata, ta samu dame uku. Kai ka ɗora ni a jakinka ka kai ni lakwal ina kuka. Ba a taɓa jin ka zagi talaka ba.

Amma tun ranar sadakar uku masu gaisuwa suke ta yabon shirunka, suna kiransa haƙuri. Haƙuri ina! Ni na san abin da shirun nan ya ci.

A gabanka kakanmu ya nuna wa mahaifina garkar albasa ta bakin fadama, ba wani shaida sai kai. Da mahaifina ya rasu, ƙanensa Labo ya ce aro ce, ba kyauta ba. Shekara tara muna zarya a zaurenka don kalma ɗaya tak. In Inna ta same ka kai kaɗai, sai ka ce, "Saude, kwantar da hankalinki, na san gaskiya." In Labo ne, shi ma ya fito yana murmushi. Da an tara su gaban dattawa kuwa, sai ka sunkuyar da kai kana jan carbi.

"Ku tahi gida, ku 'yan uwa ne. Mu gani bayan damana."

Damana tara, Baba! Tsoron ɓata wa mutum ɗaya rai ya sa ka bar gida biyu ba sa gaisawa. Na san faɗin gaskiya a idon wanda kuka yi ƙuruciya tare akwai ciwo. To, ai don wannan ciwon aka naɗa maka rawani.

Watan jiya, da ciwo ya kwantar da kai, na zo da liman da dattawa biyu, na durƙusa a gaban gadonka. Na ce, "Baba, don Allah, aro ce ko kyauta? Ko ba tamu ba ce ka faɗa, mu huta." Hankalinka garau. Ka riƙe hannuna, ka tambaye ni lafiyar yara.

Shekaranjiya 'ya'yan Labo suka kewaye garkar da ƙaya. Lokacin dashe ya yi, irin albasar Inna yana ciki, kuma da garkar nan take ciyar da kanta da marayun yayata Balki su huɗu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherinka ya rinjaya. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalanka, Gwaggo Uwani da Gimbiya, da ɗanka Mahaman da ake maganar zai gaje ka. Mahaman, in ka zauna a zauren nan, ka riƙa cewa i ko a'a a gaban mutane.

Jiya Inna ta dawo daga gidan makoki idonta jawur, ta ce ta yafe maka duniya da lahira, ta ce ni ma in faɗa. Ina roƙon Allah ya ba ni iko, amma yau dai ban yafe ba.