Katin da Baba Ya Soke a Hula

Ina shekara ta biyu da fara aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Kalgo, Inna ta kira ni ta ce in zo gida Kambaza, Baba ya fara rabon kayansa. Ya ba maƙwabcinmu kekensa, ya ba ƙanensa garmar shanu. Da ransa fa!

Zazzaɓi ne ke kayar da shi yini guda, ya sake shi kwana biyu, ya sake dawowa. A Gwandu an yi masa gwajin maleriya na ɗan katin nan da ake ɗiga wa jini, layi ɗaya ya fito, aka ce babu. Shi ke nan Baba ya yanke wa kansa hukunci: tunda ba maleriya ba ce, ciwon ajali ne. Katin ma bai yar ba, ya soke shi a cikin hula kamar laya.

Na same shi a zaure, ya rame har na ji tsoro. Na ce, "Baba, ba ni yatsanka in ɗauki jini."

Ya zaro katin ya nuna mini. "Ke ɗiyata, mi za ki gani wanda wanga bai gani ba?"

Wallahi raina ya ɓaci, ni kuwa ba na iya ɓoye fushi. Na ce masa irin katin nan ƙwayar maleriya guda kawai ya sani, wadda ta fi yawa ta fi kisa. Tana da 'yan'uwa da ke wuce shi salin-alin, sai an sa jini a madubin likita an duba da ido.

"To, likitar Kalgo," in ji shi, ya miƙo hannu yana kallon bango.

Na shafa jinin a gilasai biyu. Shafi mai kauri shi ke nuna ko akwai ƙwaya, marar kauri kuma ya faɗa maka wace iri ce. Na jera su a kwalin ashana babba, na hau mota.

A ɗakin gwaji na rina su, na jira suka bushe, na zauna. Na duba, na duba, har wuyana ya ƙage. Zuciyata na cewa, in fa babu, me zan koma in ce masa? Can sai ga ƙwayar maleriyar, ta miƙe a tsakiyar ƙwayar jini kamar ɗamara. Irin da ke dawo da zazzaɓi bayan hutun kwana biyu ce sak. Na yi hamdala da ƙarfi har abokiyar aikina ta zabura.

Likita ya rubuta maganin kwana uku. Na kai da kaina, na tsaya a kansa har ya shanye. Ranar da zazzaɓin ya saba zuwa muka zuba ido ni da Inna, bai zo ba.

Bayan sati biyu Inna ta kira, dariya ta hana ta magana. Wai Baba ya tafi gidan maƙwabci da ƙafa, ya dawo a kan keke. Na ji muryarsa daga tsakar gida yana cewa, "Gaya mata ai aro na ba shi. Garmar ma gobe zan amso, damina ta kusa."